Zaki Mai Ƙafa Biyar

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya tsare ku daga abin ƙi, Ya sa albarka a zamanku na can. Ni dai alhamdu lillahi. Gwiwar hagu tana nan da halinta, tari kuwa ya lafa tun da aka sauya mini magani. Goggonki ta zame a banɗaki, amma babu karaya, bakinta ma bai ragu da komai ba. Jaririyar yayanki har ta fara gane fuska. Shi yayan naki yakan leƙo ni ranar hutu, ya zauna a bakin kujera kamar wanda ya bar tukunya a wuta, ya tafi. Sauran kwanaki daga ni sai rediyo, sai tela maƙwabcina in ɗinki ya sake shi.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kina da wata dariya da kike kashe magana da ita, ni kuma wannan maganar ba na so a kashe ta, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wata biyu ke nan da Dogo, ƙanin mijinki, ya yi sallama a gidan nan. Rabon ƙafarsa da ƙofata tun rasuwar mahaifiyarki, shekara uku. Ya ce ya sayi manyan motoci uku, zai buɗe kamfanin kwashe kayan masu sauya gida, yana so in zana masa tambari, wai masu yi da kwamfuta ba su da irin hannuna. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Shekara talatin da takwas na yi ina zane a maɗaba'a, tun da na bari kuwa babu wanda ya nemi ko layi ɗaya a wurina. Ranar na share teburin zane, na wanke burushi, na jiƙa tawadar da ta bushe.

Kwana huɗu na yi, na fitar da abu mai sauƙi: ƙofa a buɗe, taya a ƙarƙashinta, launi biyu, baƙi da rawaya. Na gwada shi yadda malaminmu na zane ya koya mana. Na rage shi ya koma kamar farcen babban yatsa, don in ga ko zai fita a hatimi, ya fita sarai. Babban kuma na manna shi a ƙarshen baranda, na wuce da iyakar saurina ina kallonsa da gefen ido, domin tambarin mota a guje ake ganinsa, kuma tilas wanda bai iya karatu ba ya gane shi daga tsallaken titi.

Dogo ya duba, ya ce ya yi kama da tambarin kamfanin da bai ƙoshi ba. Shi zaki yake so, mai fukafukai, da gida a bayansa, yana tsaye a kan ƙwallon duniya, rana tana fitowa, hannaye biyu suna musabaha a ƙasa, launi bakwai. Na ce masa in aka rage wannan a hatimi zai koma kamar kyankyason da aka taka. Na ce matar da za ta damƙa maka madubinta da kwanukan tangaran ba zaki take nema ba, mai lallaɓawa take nema. Ya yi dariya ya ce ai Baba tsohon yayi ne, yanzu sai abu ya cika ido. To, mai abu da abinsa. Na fara zakin.

Daga nan ne na soma lura da abubuwa. Duk mako sai ya zo, amma idonsa ba ya kan takarda, yana kan hannuna. Sai ya ce in ƙara wa gashin wuyan zakin siranta, a gabansa, yana tsaye a kaina. Ran nan ya shiga kicin wai zai sha ruwa, na ji yana murɗa makunnin gas. Ya ɗauki kwalin maganina ya karanta har baya. Tela ya gaya mini ya tambaye shi sau nawa nake fita a mako, da ko na taɓa manta ƙofa a buɗe. Wata rana na dawo daga alwala na tarar yana auna teburina da tafin hannu, da ya gan ni sai ya tambaya ko ƙafafun suna kuncewa. Na ce a raina, wataƙila halin sana'a ne, mai kwashe kaya ko gidan ubansa ya shiga sai ya auna kujera. Amma a wancan makon ne yayanki ya ambata, kamar da wasa, cewa ya sa an yi wa wani ɗaki da babu kowa a cikinsa a gidansa fenti. A makon kuma kika kira ni, kafin ki tambayi gwiwa sai kika ce yaya hannun. Ni ban taɓa gaya miki hannuna yana da wani abu ba. Ruwa ba ya tsami banza, 'yata.

Sai na shirya masa gwaji. Na gama zakin yadda yake so, da fukafukansa da ranarsa, sannan na ƙara masa ƙafa ta biyar, a fili, tsakanin na gaba da na baya, har da farata. Na kira tela na sa ya ƙirga da bakinsa, don in sami shaida cewa da gangan na yi. Tunanina shi ne, in da gaske tambari ya kawo Dogo, zai gani nan take ya yi magana. In kuwa aiko shi aka yi ya duba ko tsoho ya ƙare, tambarin ba zai dame shi ba. Ya zo, ya ɗaga kwalin, ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba, ya naɗe ya tafi. Na ce shi ke nan, na kama su. Na yi zaton zanen zai ƙare a bayan kabad.

Makon jiya da hantsi na ji ƙarar babbar mota a ƙofar gida. Na fito da sandata, sai ga zakina a jikinta, tsawonsa ya fi mutum, ƙafa biyar cif. Masu fenti ba su rage ko farce ba. A ƙasa kuma Dogo ya sa an rubuta sunana, wai don a san mai aikin. Ya ce sauran motocin biyu ma an gama su. Mutanen layi suka taru. Mai wanki ya fara ƙirgawa da ƙarfi, ya kai biyar, ya sake daga farko. Mai kanti ya ce ai dabara ce, ɗayar safaya ce irin ta tayar mota, ko da wata ta yi faci. Shaidana tela kuwa ya shige shago ya hau keken ɗinki kamar ba a taɓa haihuwarsa a layin ba. Dogo ya ƙirga shi ma, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata ya ce ba komai Baba, shekaru ne. Da la'asar yayanki ya zo, an riga an tura masa hoto. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya ce ko za mu je wurin likitan ido, kuma ɗakin da ya sa aka yi wa fenti a shirye yake.

An ce in za ka haƙa ramin mugunta ka haƙa shi gajere, ni nawa ya kai mini wuya. Tun ranar zuciyata ta rabu biyu. Ko dai Dogo bai ga ƙafar ba, mutum ne kawai mai son abu ya cika ido, ni kuma na ɓata wa suruki motoci uku saboda zargi. Ko kuwa ya gani tun ranar farko, ya yi shiru, ya sa aka kumbura ta a jikin mota don kowa ya gani, kada wani ya goyi bayana ranar da za a ce in tattara in koma gidan yayanki. Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Da nake tsaye gaban motar ana dariyar ƙafa, ni idona yana kan ƙwallon duniya. Kin san da hannu nake zana da'ira tun kina ƙarama, ban taɓa neman abin gwadawa ba. A jikin motar na ga ta lotse ta gefen dama, kamar kankanar da aka danne. Na ce laifin masu fenti ne. Na shiga ɗaki na ɗauko kwafin da na ajiye, na sa gilashin ƙara girma. Ba laifinsu ba ne. Ƙafar da gangan na yi ta, tela zai faɗa in aka matsa masa. Da'irar ban yi da gangan ba, ban ma gan ta ba sai da ta kai girman ƙofa.

Gobe zan kira Dogo in gaya masa gaskiyar ƙafar, in nemi afuwarsa ko ya cancanta ko bai cancanta ba, in kuma shafe ta da burushina a motocin uku, a tsaye, a gaban mutanen layi. Abin da nake so daga gare ki shi ne ki gaya mini ba tare da kwana-kwana ba, ke kika turo shi? In ku ukun kun haɗa baki ne, ba zan yi fushi ba, na san tsoro ne ya sa ku. Amma ba zan bar gidan da na zauna da mahaifiyarki shekara arba'in a kan rahoton ɗan aike ba. Ki zo da kanki, ki zauna kusa da ni, in zana da'ira kina gani. In kika duba kika ce lokaci ya yi, ba zan ja da ke ba. Sai dai daga bakinki nake so in ji, kina kallon idona.

Ki gaida maigidanki, kada ki nuna masa wannan takarda sai na gana da ƙaninsa. Ki gaida babban jikana, da 'yan biyu, da autarki mai ƙiriniya. Goggonki tana gaishe ki, tela ma haka, ko da yake ba ma magana sosai kwanan nan. Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki, mai jiran amsarki.