Sunayen da Na Ambata a Waƙa

Jega Sabon Gari,
4 ga Maris, 1994

Zuwa ga matata Zubaida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da jaririnmu Khalil. Yaya wankan jego? A gaishe da Baba Magaji.

Kin sha gaya mini lauya da kuntigi ba sa shan inuwa ɗaya, ina yi miki dariya. To, ran Asabar na je ƙauyen Kashin Zama wurin manoman da nake tsaya wa a kotu, waɗanda Alhaji Bature, ɗan kwangilar nan mai abokai a bariki, yake son ƙwace wa fadama. Na tarar ana gayyar cire albasa, suka matsa sai na yi waƙa. Na yi wa Alhaji habaici son raina. Ashe wani ya ɗauka a rakoda. Jiya a kasuwar Jega na ji muryata tana tashi daga rumfar mai kaset.

Naki,
Sahabi

*

15 ga Maris, 1994

Zubaida,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ni dai tsoro ya hana ni cin abinci.

Kin san makaɗi ba ya ajiye kuntigi bai ambaci waɗanda suka karrama shi ba. Haka na yi, na bi su ɗaya ɗaya, kowa da sunan ubansa da unguwarsu. Su ne fa shaiduna, waɗanda na ɓoye ko magatakardan kotu bai san su ba. Sojoji sun ɗauke Mamuda a gonarsa. Washegari suka tare Rufa'i a tashar Aliero, sannan Waliyyu. Sai yau na lura: yadda na jera su a waƙar, haka ake binsu.

Na zaga kasuwa ina roƙon a daina sayar da kaset ɗin, amma bakin alƙalami ya bushe, har a ƙauyen Dangamaji yara na rera waƙar.

Zubaida, a baitin ƙarshe daɗin waƙa ya ɗebe ni, na yi miki kirari, na ce maijego, 'yar Magaji, gidan da ke bayan masallacin Maiyama. Da takardar nan ta iso, ki goya yaron ki bi ƙawarki Azumi zuwa rugar kawunta. Kada ki tsaya a cika arba'in, kada kuma ki rubuto mini inda kuka sauka.

Mijinki,
Sahabi