Fistin Babur ɗin Baba

Zuwa ga Baffa,

Assalamu alaikum. Ka yi mini afuwa da na yi ƙarfin halin rubuto maka, ni da ko a gabanka ban cika iya ɗaga kai ba. Ina fatan kana lafiya, da aiki da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri. Mu ma lafiya lau, Inna ta samu sauƙin ƙafarta, ni kuma na shiga ajin ƙarshe.

Baffa, maganar babur ɗin Baba ce, wanda yake kai burodi shaguna da shi. Ya daɗe yana hayaƙi yana shan baƙin mai, har ya tsaya cak a hanya da kaya a bayansa. Da aka buɗe injin, aka tarar ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ya karye ya yi zane a cikin silinda. Mai fafe silinda ya sa ma'auni ya gwada, ya ce dole a fafe cikinta a sa fistin da ya fi na da girma. Ni ban san komai a kai ba, amma na tsaya na saurara da na kai wa Baba abinci. Ya ce fistin hawa-hawa ne, akwai ashirin da biyar, da hamsin, da saba'in da biyar, sai ɗari, kuma daga ɗari babu sauran naman ƙarfen da za a ci. Na cikin babur ɗin hamsin ne, wanda kai ka sa da hannunka kafin ka tafi. Mai fafewa ya ce saba'in da biyar na iya share zanen, yana iya kuma barin ɗan saura, ba zai rantse ba.

Ana cikin haka Yaya ya tafi kasuwa bai yi shawara da kowa ba, ya sayo ɗari, ya ce a yi ta ta ƙare, kuma babur zai ƙara ƙarfi. Ya riga ya yage kwalin, mai shagon ya ce ba ya karɓa. Baba ya ce shi burodi yake ɗauka, ba tsere yake yi ba, in Yaya jirgi yake so ya je ya sayi nasa. Yaya ya ce ai Baba lallaɓa babur yake kamar jariri, shi ya sa ya mutu a hannunsa. Tun daga wannan maganar ba su sake cin abinci a kwano ɗaya ba. Fistin yana nan a kan taga a cikin leda, kowa ya wuce sai ya kau da kai.

Abin da ke tsorata ni shi ne, mai gidan burodi ya aiko cewa ba zai iya ci gaba da jira ba, akwai mai son layin shagunan da Baba yake kai wa burodi. Mai fafewa kuma ya ce ba ya taɓa silinda sai an kawo masa fistin a hannu, domin da shi yake gwadawa, abin da aka fafe kuma ba ya komawa. In aka sa ɗari, an ƙure injin ke nan. In aka sa saba'in da biyar zanen bai fita ba, an yi aikin banza. Baba yana zaune a zaure da silindar a cinyarsa, yana bin zanen da farce. Na ji ya ce wa Inna kai kaɗai ka san kaurin wannan ƙarfen. Da ta ce to ya kira ka, sai ya ce shi ne babba, kuma ran da za ka tafi ya faɗa maka zai iya da babur ɗinsa.

Don Allah Baffa ka kira shi, kamar gaisuwa kawai, ka tambayi lafiyar babur. Zai faɗa maka, na sani. Kada ka ce ni na rubuto.

Ka gaishe mini da Gwaggo da 'yan biyu da Auta. In ka ba ni izini, zan sake rubuto maka in faɗa maka wanne aka sa, da yadda injin ya tashi.

'Yarka mai biyayya.