Wadda Ta Gifta a Bayan Fim

Gubuchi, 4 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Rahama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara da mutanen Kudan baki ɗaya. Mu nan sai godiya.

Na zaɓi takarda ne domin na gwada faɗa miki a waya sau biyu, murya ta ƙi. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyarki, kuma fuskarta ta soma ɓace mini. Hoton katin zaɓenta ya koɗe, wani hoton kuwa babu, domin ni na hana a ɗauke ta.

Kina 'yar shekara tara wasu 'yan fim suka zo wurin da ake dafa mazarƙwaila a bayan gari. Sunan fim ɗin ya kwanta mini, amma ga alamarsa. Wani saurayi da ya gudu daga gida ya dawo, ya tarar da tsohonsa yana juya ruwan rake a kasko. Bai ce komai ba, sai ya karɓi muciyar ya ci gaba da juyawa. Har yau mutanenmu suna maganar wurin. Mamuda direba ya ce shirun ne yake kama mutum, domin kowa yana da wanda ya kasa ba haƙuri da baki.

A daidai nan mahaifiyarki ta gifta ta bayansu da kwanon abincina a ka. Sau ɗaya na ga fim ɗin, a wani shago a Makarfi. Na tuna ta waiwayo tana murmushi. Na koma gida na yi mata faɗan da bai kamata ba, ita kuwa ta ce ba ta ma san ana ɗauka ba.

Ki taimaka ki sa a tambayi masu tura fim a waya. A duba a tsanake, kada a kawo mai kama da shi.

Mahaifinki,
Gambo Sa'idu

Gubuchi, 27 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Rahama,

Assalamu alaikum, tare da fatan kowa lafiya. Mamuda ya kawo saƙon, kuma shi ne fim ɗin. Allah Ya yi muku albarka, ke da maigidan naki da ya je har Zariya nemansa.

Dole in gyara abin da na rubuta. Ba ta waiwayo ba. Na maimaita wurin sau goma sha ɗaya, bayanta kawai ake gani, da mayafinta ruwan ƙasa, na daƙiƙa shida. Murmushin ni na ƙirƙira shi, ban san ko don in samu hujjar faɗa ba ne.

Amma na ga abin da ban nema ba. Tana ɗingisa ƙafar hagu, kaɗan, yadda sai wanda ya san tafiyarta zai gane. Ƙafar nan ce daga baya aka ce ciwon suga ya cinye. Na gaya wa likita ciwon shekara uku ne, har na sa hannu a takarda. Ashe tun lokacin yana tare da ita. Ranar da na kalle ta a shagon Makarfi a gaban jama'a, abin da na gani kawai shi ne matata ta fito a fim.

Fuskar ban same ta ba, Rahama. Na roƙi Allah gafara, ita kuwa sai addu'a. Ki riƙa yi mata.

Kullum a waya kina ce mini lafiya lau. Ita ma haka take cewa. Ranar Asabar, in Allah Ya yarda, zan zo Kudan da hantsi. Kada ki wahalar da kanki da girki. Idan na yi sallama, ki taso da kanki ki tarye ni a zaure, ina so in ga tafiyarki.

Ki gaida maigidan da yara. Wassalam.

Mahaifinki,
Gambo Sa'idu