Kwalayen Baban Murja

Tanti Zuhura, ki taimake ni. Ranar da na fita takaba na buɗe kantin maigidana na kayan gyaran babur, a nan Zango, ranar na gane abin da ya same mu. Wani bakanike ya nemi buji, wato filogin babur. Na ɗaga kai, kwali ya fi ɗari, amma ba wanda aka rubuta wa sunan kaya. Sunayen mutane ne: Rasmane, Ramalan direba, Tsoho Rashidu. Ashe duk wanda ya fara kawo wani irin babur, sunansa marigayi ke liƙa wa kwalin kayansa. To ni ina na san babur ɗin Rasmane? Na yi dariya, na koma bayan ƙofa na share hawaye.

'Yata Murja, da ta yi lakwal, wato boko, ta ce mu yage takardun ta jera komai a waya da lambobi. Ni kuwa rubutun hannunsa ne, karkatacce kamar tafiyarsa. Makanikai sun fara wucewa kantunan unguwar Dapoya, ba sa iya jiran lalubena. Karatuna bai yi nisa ba. Har yau ko kwali ɗaya ban sauke ba.

Maman Murja, Zango

Maman Murja, Allah ya jiƙan mai gida. Mutumin nan ya yi tsari, bayaninsa ne kawai ya tafi da shi. Murja na da gaskiya, kanti ba ya tafiya da abin da ke kan mutum ɗaya. Ke ma kina da taki: in kuka yage takardun, kun yage hanyar gano kayan.

Masu sunayen nan suna raye. Ki dafa shayi, kowa ya zo da babur ɗinsa.

Kafin Murja ta taɓa waya, ku tsayar da tambayoyin da kowane kaya zai amsa: mene ne shi, yaya ake kiransa da Hausa, Mosanci da Faransanci, waɗanne babura yake shiga, ina yake ajiye. Abin da ke shiga babura uku, sau ɗaya za a rubuta shi, a lissafa ukun a gefensa. Ku ƙara gurbi guda: sunan da Baba ya ba shi. Lambar da Murja za ta ba kaya ta zauna ƙarƙashin rubutunsa.

Ku gwada da kwali goma, ku ga ko bakanike zai samu buji kafin shayinsa ya huce. Amma ki fara da Tsoho Rashidu, cikin satin nan, tun ƙafa na kai shi.

Allah ya ƙara haƙuri, ya buɗa kasuwa.

Tanti Zuhura