Kwana Ukun da Kaka Ta Rufe Farantin Toka

Zuwa ga Monsieur le Proviseur, Shugaban Makaranta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa cikin ladabi.

Bari in fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ba son kimiyya ya kai ni ƙungiyar kimiyya ba. Ɗakinsu ne ya fi ko'ina shiru, nakan ɓoye littafin soyayya cikin na darasi in yi ta karatuna. Da dutsen Buea ya fara aman wuta, malam ya ce kowa ya auna a gidansu ko tokar tana isowa Douala. Daga ranar na ajiye littafin.

Na ɗaya. Tun da kriz, wato matsin tattalin arziki, ta shigo, makaranta ba ta da kayan awo, sai na ɗora farantin silbar Inna a kan katangarmu a unguwar New Bell. Kullum da safe nakan share abin da ya sauka da gashin kaza, in zuba a takarda, in kai kemis ɗin unguwarmu a ɗora mini a ƙaramin sikeli. Tokar gawayin masu tsire laushi gare ta, ta dutse kuwa gurus-gurus take a yatsa. Haka nake rarrabe su.

Na biyu. Kwana uku babu lamba a littafina na awo. Kakata ce ta ga farantin a buɗe a waje, abin da ba a yi a gidanmu, ta yi ta kifa masa faifai. Ban auna komai ba, ban rubuta komai ba.

Na uku. Saboda gurbin nan malam ya cire sunana daga waɗanda za su bi masu bincike zuwa gindin dutsen ranar Asabar, wai sakaci. Alhali akwai waɗanda suka cike nasu a gabana, a aji, daga kansu. Ba zan faɗi suna ba. Amma wa ya kamata a ba amanar awo, mai barin gurbi ko mai ƙirƙira?

Ina roƙo a duba littafina da ƙullin tokata goma sha ɗaya, a mayar da sunana. Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci.

Kwana biyu takardar nan na cikin jakata, sau biyu ina juyowa daga ƙofar ofishinka. Na yi kwafi biyu, yau zan manna ɗaya a allon sanarwa, ɗayar kuma in ƙwanƙwasa in miƙa maka hannu da hannu.

Wassalam,
Ɗalibarka Hadiza, 'yar ajin troisième.