Abin da surukata ta binne ba cibiyar ɗana ba ce

Saƙo daga wata 'yar'uwa, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum Admin da sauran jama'ar wannan zaure, barkanmu da war haka. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin ranar Juma'a, yau Talata, kwana uku ke nan suka rage mini, na kasa zama wuri ɗaya, na shiga ɗaki na fito ya fi a ƙirga, har mahaifiyata ta fara tambaya ko cikina ke ciwo.

Ni 'yar Birnin Kebbi ce, a Nassarawa gidanmu yake, mijina kuma ɗan Argungu ne. Shekararmu shida muna zaune a Ingila, yana aiki a asibiti, ni ina gida da yara biyu, mace mai shekara biyar da jariri namiji ɗan wata huɗu. Masu ganin hotonmu cikin rigar sanyi cewa suke mun huta, wallahi ba su san komai ba. Can babu mai riƙe miki yaro ko ki watsa ruwa, ke ce kai yarinya makaranta cikin ruwan sama, ke ce kasuwa, ke ce girki, ranar da kika saka daddawa a miya ƙararrawar gobara ta tashi maƙwabciya ta zo tana buga ƙofa. Wankan jego ma da butar lantarki na yi shi, ina tafasawa ina juyewa a bokiti, kafin ta huɗu ta tafasa ta farko ta huce. Na faɗi wannan ne don ku san irin kan da nake yawo da shi lokacin da abin ya faru, ba don in wanke kaina ba.

Mahaifiyar mijina, Inna muke ce mata, ba irin surukar da ake kawo ƙararta zauren nan ba ce. Tun da aka kai ni gidanta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, duk wanda ta ji zai zo Ingila sai ta haɗa shi da busasshen kifi da kuka da man shanu ta ce a kai wa ɗiyarta, ba ta ma cewa a kai wa ɗanta. Tana da al'ada ɗaya da ta gada wurin uwar mijinta. Duk yaron da aka haifa a zuri'ar, idan cibiyarsa ta faɗi, ita ake kai wa, ta binne ta da hannunta a gindin wani lemun tsami da ke tsakar gidan, daidai ƙofar ɗakinta. Ta mijina tana wurin, ta yayyensa da 'ya'yansu duk suna wurin. Imaninta shi ne yaron da cibiyarsa ke gida komai nisan da ya yi sai ya dawo. Na san wasu za su ce canfi ne, ni ma ban ce na yarda ba, amma ita tsohuwa ce mai hawan jini, idonta ma ya yi rauni, kuma ɗanta yana bangon duniya, da wannan take riƙe zuciyarta.

Ta 'yata ta fari ɓacewa ta yi, haihuwar fari ce ban san kan abin ba, ta faɗi cikin kunzugu na haɗa na zubar. Inna ba ta yi faɗa ba. Yanzu yarinyar ba ta jin Hausa sosai, idan aka haɗa su a bidiyo Inna ta ce mata ina kwana sai ta amsa da Turanci, sai in ga Inna ta kau da kai, ban taɓa jin ta faɗa ba amma na san da abin da take danganta shi. Don haka da na samu cikin nan, tun yana wata bakwai ta aiko da wata 'yar batta ta fata da ƙyallen fari a ciki, ta ce ta uwar mijinta ce, in saka cibiyar a ciki in kawo mata. Da aka haifi namiji kuma aka sa masa sunan marigayi mijinta, maigidana take ce masa. Cibiyar ta faɗi kwana tara, na naɗe ta na rufe battar, na ajiye ta tare da fasfo ɗinmu.

Bayan Babbar Sallah na taho gida da yaran ni kaɗai, mijina bai samu hutu ba. Yana kai mu filin jirgi sai da ya ce sau biyu in saka battar a jakar da nake ratayawa, na ce masa ai ni ba yarinya ba ce, na riga na saka ta a ƙaramin akwatin da zan shiga jirgi da shi, tare da tsarabar Inna, takalma da rigar sanyi da na'urar awon hawan jini. Jirginmu na farko ya yi latti, muka sauka inda za mu canja jirgi da gudu, jariri a ƙirji yana tsala ihu, yarinya tana cewa fitsari, takalminta ɗaya ya cire. Muna isa ƙofar jirgi suka ce wuri ya cika, duk mai ƙaramin akwati ya bayar a saka a ƙasa. Wallahi ko tunawa da battar ban yi ba, murna ma na yi an rage mini kaya. Muka sauka Abuja, manyan akwatuna uku suka fito, na tsaya har bel ɗin da ke fito da kaya ya daina juyawa, ƙaramin babu shi. Na cika fom, da yake ba ni da layin Najeriya sai na rubuta lambar yayan mijina da ke zaune a unguwar Gesse nan Birnin Kebbi.

Na iso Birnin Kebbi ban gaya wa kowa cewa battar tana cikin akwatin ba sai yayata da muke ciki ɗaya. Na ce a jira ko za a gani, aka yi kwana biyar shiru, ga Inna kullum sai ta kira, ta riga ta sanar da 'yan'uwa ranar da za mu zo, an sayi kifi, an gyara ɗaki. Yayata irin mutanen nan ce da ba abin da ke ɗaga musu hankali, ta ce ke dai kin cika tsoro, wa ya taɓa ganin akwatin da ya ɓace a jirgi ya dawo, tsohuwar da ba ta gani sosai za ki kashe da baƙin ciki a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba? Ta buɗe robar soyayyen naman layya ta zaɓo wata 'yar jijiya baƙa da ta ƙandare, ta wanke mai da yajin, ta shanya a kan kwano, washegari ta naɗe a farin ƙyalle ta miƙo mini. Na yi mata masifa, na ce Allah ya kiyaye, ta ce to je ki faɗa mata gaskiya, ga hanya nan. Ban je na faɗa ba. Ni na karɓa da hannuna na saka a jaka, don haka ba zan ɗora wa yayata laifi ba.

Da muka isa Argungu gidan cike yake. Inna ta karɓi jaririn ta rungume tana ta yi masa kirari, ko ruwa ban gama sha ba ta ce, "Ɗiyata, kin taho mani da ita?" Na miƙa mata ƙyallen. Ta shafa shi ta ce, "Ina battar?" Nan na yi ƙarya ta biyu, na ce 'yan kwastan na can sun hana fita da kayan fata sun karɓe. Ta ce ba komai, abin cikin shi ne babba. Ta sa aka ɗauko mata wata 'yar guntuwar hauya da ba a taɓa ta sai don wannan, ta durƙusa da ƙyar da ciwon gwiwarta, ta haƙa, ta yi bisimilla ta saka ta rufe, ta daɗe tana addu'a hawaye na zuba. Ta ɗago ta ce, "Yanzu ko yau Allah ya ɗauki raina, na san maigidana ba shi ɓacewa ƙasar Turawa." Mata suka yi guɗa, ƙanwar mijina tana ɗauka a waya ta tura masa. Ni ina tsaye ina kallon tsohuwa tana kuka a kan naman rago, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tuwon shinkafa da miyar kifin da aka yi domina ko loma uku ban iya yi ba.

Mijina ya kira da yamma yana ta godiya, a zatonsa na bi maganarsa na mayar da battar jakar da nake ratayawa tun kafin akwatin ya ɓace, ya ce ban san abin da na yi masa ba, ya ce Allah ya saka mini da Aljanna. Mutum ne mai sanyi, amma ƙarya ce abin da ba ya yafewa da wuri, ya taɓa yin wata biyu ba ya magana da ƙaninsa a kan ƙaryar da ba ta kai rabin wannan ba. Na ce amin, na kashe wayar.

To jiya, bayan na dawo gidanmu Birnin Kebbi, sai ga kiran yayan mijina, yana ta murna, wai an ga akwatin, ya sa wani abokinsa ya karɓo, gobe Laraba akwatin zai iso Gesse. Kuma da yake ni da bakina na gaya wa kowa cewa akwatin tsarabar Inna ne ya ɓace, ya ce ba sai na wahala ba, ranar Juma'a zai wuce da shi Argungu mu haɗu can, don a gidan duk tsarabar da ta zo gaban Inna ake buɗe ta, ita ke rabawa. Battar tana sama-sama, cikin takalmin da na sayo mata na cusa ta. Ko da idonta bai gani ba hannunta ya san ta, shekara nawa tana riƙe da ita.

Tun jiya nake juya abin. Zan iya hawa keke napep gobe in je Gesse in ce akwai kayan jariri da nake buƙata a ciki, in zare battar ba wanda ya sani, makullin ma yana hannuna. Amma in na zare sai in yi yaya da ita? Lemun yana ƙofar ɗakin Inna, a gindinsa take wuni a kan tabarma, ba yadda zan yi in haƙa wurin a ɓoye. In koma da ita Ingila kuma, kullum na buɗe durowa ina ganinta, ɗana ya girma ana gaya masa cibiyarsa tana Argungu. In kuma na faɗi gaskiya, ina tsoron jininta ya hau, ina tsoron kunyar da za ta ji ita kanta, don a gaban mutane ta yi kukan nan, bidiyon ya zaga dangi har na Sakkwato. Yayata cewa take in jefa battar a gulbi in huta, na ce mata shawararta ta farko ma ba ta gama da ni ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kiran da Inna ta yi mini da safen nan. Bayan mun gaisa ta ce in zo da wuri ranar Juma'a, ta kira sauran surukanta uku su ma su zo. Na ce lafiya dai Inna? Ta ce, "Lahiya lau. Gwiwar ga ta gaji, ban ƙara iya durƙuso. Hauyar ga nika son in ba ki gaban kowa, bayan raina ke za ki riƙa binne na jikokina. Ke da anka ba amana kinka ɗauko ta tun daga bangon duniya, ke ta dace da ita." Na buɗe baki in yi magana, abin da ya fito kawai shi ne to Inna, Allah ya ƙara girma.

Jama'a na san na yi kuskure, wanda zai zage ni ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara. In fara gaya wa mijina ne tun yau, ko in tafi Argungu ni kaɗai kafin Juma'a in durƙusa gabanta in miƙa mata battar, abin da zai faru ya faru? Ko in yi shiru in bar tsohuwa da farin cikinta, ni in ɗauki nauyin har ƙarshen rayuwata? Iyaye mata da ke zauren nan, ku nake so ku amsa mini tsakaninku da Allah, da ke ce Inna, za ki fi so a gaya miki, ko a bar ki ki miƙa hauyar?