Abu na Uku a Man Uwarki

Trikania, Kaduna
9 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Damaris,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, wanda ya riƙe mu har muka kusa ƙarshen wannan damina. Ina fata wasiƙar nan za ta same ki lafiya a Fatakwal, ke da mijinki Ebenezer da jikokina. Kullum da safe ina ambaton sunayenku ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji, ya tsare fitarku da shigarku, ya sa albarka a aikin hannunki. Mu nan muna lafiya. Gwiwata ta hagu ce kawai take ba ni labarin ruwa tun kafin hadari ya haɗu. Ruwan bana ya yi yawa, kwatar bayan gida ta cika har ta shigo mana tsakar gida sau biyu, amma wanki Nathan ya ɗaga bakin ƙofa da bulo, yanzu mun huta. Aikin waldarsa yana tafiya, in an kawo wuta.

Matarsa Vicky ce take rubuta mini wannan, don kin san ni da biro ba mu taɓa gaisawa ba. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta yi wa maganata kwalliya. Ta tambaye ni me ya sa ba zan kira ki a waya ba kamar kowa. Na ce mata a waya bakina yana riga ni, ina fara gaisuwa sai in tsinci kaina cikin faɗa, ke ma kin shaida, shekara biyu ke nan ba mu wuce ina kwana da yaya yara ba. Takarda kuwa ba ta katse mutum, kuma in na faɗi abin da bai kamata ba Vicky za ta ɗago kai ta dube ni.

Maganar ranar nan ce nake so in yi, ranar sujadar godiya ta cika shekara ɗaya da rasuwar uwarki Lydia. Kin zo da kwali biyu na ƙananan robobi na man gashi da kika haɗa da hannunki, kin manna hotonta da sunanta a jiki, don a raba wa 'yan Zumuntar Mata su riƙa tunawa da ita. Kowa ya san Lydia da man gashinta, rabin matan cocin nan da shi aka yi musu kitson aure. Da aka dawo gida ana cin shinkafa a ƙarƙashin rumfa, na buɗe roba ɗaya na lakato na murza tsakanin yatsuna. Ban ma kai shi hanci ba na gane. Na tambaye ki me kika zuba, kika ce kaɗanya ce da alayyadi da ɗan silikon kaɗan, don gashi ya yi sheƙi ba tare da maiƙo ba. Daga nan kin san abin da na yi. Na miƙe a gaban matan nan da Fasto da surukanki, na ce a dawo mini da kowace roba, sunan matata ba zai zauna a kan man inji ba. Na ce kin je makaranta kin koyo ha'inci kin ɓoye shi a bayan hoton uwarki. Na bi kujera kujera da kwali ina karɓa. Sai kika shiga ɗaki, washegari kika kama hanya.

Ba ina neman in wanke kaina ba ne, amma ina so ki san abin da yatsuna suka ji. Shekara ashirin da biyu na yi a masaƙa a Kakuri, a sashen da ake wa yadi wankan ƙarshe kafin a naɗe shi. A can na san silikon tun ba a haife ki ba. A durom ake kawo shi, fari kamar madara, in ya zube a ƙasa ba wanda ke iya tsayawa a wurin, in ya taɓa hannunka kuwa har ka je gida ka ci tuwo santsin bai bar ka ba. Mukan bi da yadi ta cikinsa, sai yadi mai kaushi ya yi laushi a hannun mai saye, ya ɗauki haske kamar na tsada. Mace ta saya ta kai wa tela, ta wanke sau biyu sau uku, sai ya koma asalinsa. Ni da abokan aikina mun san haka, mukan yi dariya a kai. Shi ya sa tun daga lokacin, duk inda na ji wannan santsin, abin da ke zuwa mini shi ne ana so a yaudari wani. Da na ji shi a ƙarƙashin sunan Lydia sai idona ya rufe.

Abin da ya fi wannan muni shi ne na bayan wata uku, da kika haɗiye fushinki kika kira ni. Kika ce naki haɗin lalube ne kawai, ba ki taɓa tsayawa kin ga yadda uwarki take yi daga farko zuwa ƙarshe ba, don kina makarantar kwana, daga can sai jami'a. Kika roƙe ni in faɗa miki yadda ake yi, tunda ni ne mai soya mata ƙwarar kaɗanya da tuƙa tukunya. Na ce sai kin yi mini alkawari ba za ki ɗiga masa ko ɗigo ɗaya na ruwan nan naki ba. Kika ce ba za ki yi mini alkawarin ƙarya ba, matan da kike sayar wa ba za su shafa man da zai ɓata musu filo da ɗankwali a zafin Fatakwal ba. Na ce to ki zauna da naki, ni kuma zan tafi da nawa kabari. Da bakina na faɗi haka, ga 'yar da na haifa.

A watan jiya Christy, mai gyaran gashin nan ta bakin layinmu, ta shigo duba ƙafata. Muna hira ta ce tana da laifin da za ta furta: ranar da nake bi da kwali, ta cusa roba biyu cikin zaninta ta zauna a kai, ta ce ko Fasto ne ya ce ta tashi ba za ta tashi ba. Ta ce da su ta yi wa amare uku gyara, kuma har yau ana tambayarta. Na ce ai sheƙin ƙarya ne, ni na san abin tun tana goye. Sai ta ce Baba Ishaya, ka san yadi amma ba ka san kai ba, gemunka ma sai an roƙe ka kake tajewa. Ta yi mini bayani cewa kaɗanya ita ce take tausasa gashi ta hana shi bushewa, shi kuma silikon riga ce yake sa wa kowane sili daga waje, don mataji ya wuce ba tare da ya tsinka ba, kuma ya yi haske ba tare da ya jiƙe da mai ba. Ta ce gaskiya ne in aka yi ta labtawa ba a wankewa yana taruwa ya yi wa gashi nauyi. Na ce ato, kin gani. Sai ta fito da robar da ta ƙare daga jakarta ta juya bayanta ta karanta mini. Ashe kin rubuta duk abin da ke ciki, har da silikon ɗin da sunansa, kin kuma rubuta a riƙa wanke kai da sabulu duk mako. Damaris, abin da na tsaya a gaban mutane na ce kin ɓoye, yana rubuce a jikin robar da ke hannuna a lokacin da nake faɗa. Ni ne ban iya karantawa ba, kuma girman kai bai bar ni na miƙa wa wani ya karanta mini ba. Mu a masaƙa ba mu taɓa rubuta wa mai saye komai ba.

Kada ki ɗauka na tuba gaba ɗaya. Har yanzu ina ganin man uwarki bai rasa komai ba, kuma mace in ta yi haƙuri da maiƙo na kwana ɗaya ba za ta mutu ba. Vicky ta ɗago kai, to na bar wannan.

Ga abin da ya sa na kasa jira. Kin san a dangi ni ake kira in za a binne tsoho, in jero sunayen kakanni tun daga wanda ya sari gonar farko a ƙauyenmu na wajen Zonkwa, kuma ban taɓa tuntuɓe ba. A Yuli, wajen jana'izar ɗan'uwana Shekari, na kai tsakiya sai suna ɗaya ya ƙi zuwa. Na tsaya, mutane suna jira, na yi tari na tsallake shi. Ba wanda ya lura, don ba wanda ya san shi sai ni. Da na dawo Kaduna tsoro ya kama ni, na aiki Nathan kasuwa ya sayo mini ƙwarar kaɗanya, na ce bari in gwada man nan in ga ko yana nan a kaina.

To ga shi, ki riƙe, ban sa wani sharaɗi ba. Ƙwarar ta bushe sosai har in kin girgiza ki ji tana motsi cikin ɓawo. A fasa, a soya a wuta marar ƙarfi, da ta fara gumi tana ƙamshi a sauke, in ta yi baƙi an ɓata. A daka, a niƙa, a yi ta bugawa da hannu ana yayyafa ruwan sanyi har man ya taso fari, a kwashe a wanke sau uku. Sai a dafa shi har ya daina tsartuwa. Ludayi huɗu na kaɗanya, ludayi ɗaya na alayyadi, baƙin nan na gida ba na kanti ba. Bayan an sauke tukunya, ba a kan wuta ba, ake jefa ƙullin tsumma mai abu uku a ciki, a rufe har ya huce, sannan a cire a yi ta tuƙawa gefe ɗaya da muciya har ya kama jikinsa. Na farko kanumfari, ƙwaya bakwai. Na biyu busasshen ganyen ɗoɗɗoya, cikin tafi ɗaya.

Na ukun ya tafi, 'yata. Ina ganin hannun Lydia yana ƙulla tsumman, ina ganin hannun uwata da ta koya mata a shekarar da na kawo ta gida, ina ma jin uwata tana cewa kada a cika shi don yana da ƙarfi, amma abin da ke tsakanin yatsunsu ba na ganinsa. Na gwada citta, na gwada jema, na gwada ɓawon lemun tsami. Tukunya uku na yi, kowace ta fito mai kyau, Vicky ma tana shafawa, amma ba shi ba ne. Na aika ƙauye a tambayi tsofaffin mata, suka ce ai gidanmu ne kaɗai ke yin irin wannan, su tasu kaɗanyar zalla suke shafawa. Shekara biyu da suka wuce, ranar da kika roƙe ni, yana bakin harshena, da numfashi ɗaya zan faɗa miki ki rubuta. Na riƙe shi don in hukunta ki, ga shi yanzu ba ni da shi, ke ma ba ki da shi. Wannan shi ne abin da ke ci na, ya fi ciwon gwiwar.

Sauran dabara ɗaya nake gani. Hancina ya tsufa, ƙurar auduga ta gama da shi tun tuni, ina dai sanin cewa ba shi ba ne amma ba na iya cewa ga abin da ya rage. Ke kuwa duk Asabar a tsakanin gwiwoyin uwarki kike zama tana tsaga miki kai tana shafa shi, tun kina shekara uku har kika tafi makaranta, kuma aikinki yanzu na sunsuna abubuwa ne da auna su. Ki zo mu bi 'yan koli da masu kayan ƙamshi rumfa rumfa, ki sunsuna duk abin da suke da shi, ni kuma in tuƙa tukunya ko sau goma ne. Wataƙila in kin ce wannan ne, kaina zai buɗe in ce shi ne. Kada ki ce sai Kirsimeti. Ban san abin da zai rage mini zuwa Kirsimeti ba, yau ma sai da Vicky ta tuna mini adadin ludayin, don na faɗa mata shi a makon jiya.

In mun samo shi, naki ne. Ki zuba masa abin da iliminki ya nuna miki, ki rubuta a jiki yadda kika saba, ki sa sunan Lydia da hotonta. Na riga na gaya wa Fasto cewa ranar Lahadin da kika zo ina so a ba ni minti biyar bayan sanarwa, don a gaban matan nan na ce kin yi ha'inci, a gabansu zan ce ƙarya na yi miki. In ba mu samo shi ba ma zan tsaya in faɗa. Ki gafarta wa ubanki, ko ba ki gama gafartawa ba ki zo haka nan, ma ƙarasa a bakin murhu.

Ki gaishe mini da Ebenezer, ki ce masa ban manta ba a gaban iyayensa na yi abin da na yi, shi ma zan nemi gafararsa. Ki shafa mini kan Hope da Derrick. Nathan yana gaishe ku, Vicky tana gaishe ku ta ce hannunta ya gaji, Christy kuma ta ce in kin tashi zuwa kada ki zo mata hannu sake. Ubangiji ya kawo ki lafiya, ya kuma riƙe mini sauran abin da ke kaina har ki iso.

Ni ne ubanki,
Ishaya